Idan Za Mu Bar Birni, Ina Za Mu Nufa?

Karatu: Farawa 13:5-13

   

Yau za mu yi magana a kan wata tambaya da ake yawan kawo mana bayan an tashi daga sujada. Mutum zai tsaya a bakin majami'a har kowa ya watse, sa'an nan ya matso ya ce, "Malam, zaman birni ya ishe ni. Ina so in kwashe iyalina, amma ban san inda zan nufa ba. In koma ƙauyenmu ne, ko in nemi ɗaki a Kafanchan, ko kuwa in haƙura in ci gaba da zama?" Wannan tambaya tana da nauyi, gama makarantar yara da abincin gida da lafiyar tsofaffi duk suna rataye a kanta.

Mun san abin da ya sa ake tashi. Iyayenmu da yayyenmu sun tafi birni neman aiki, waɗansu a soja da ɗan sanda, waɗansu a reluwe, da yawa kuma a masaƙun Kakuri. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta UNTL kuma ta tsaya a 2007, dubban magidanta suka wayi gari ba albashi. Rikicin Kaduna na watan Fabrairu da Mayu na shekarar 2000, da na Nuwamba 2002, ya raba garin biyu. Kirista da yawa suka ƙetare kogi zuwa Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora, Musulmi da yawa kuma suka koma arewacin kogin, kowa yana barin gidan da ya gina da guminsa. Na Kano sun ga abin da ya faru a Oktoba 1991, da Mayu 2004, da ranar 20 ga Janairu 2012. Na Abuja sun ga rushe-rushen gidaje tsakanin 2003 da 2007, suka gangara Mararaba da Masaka da Suleja. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuwa, kuɗin mota da na haya da na abinci sun sa har mai albashi yana lissafin komawa gida. Saboda haka wanda ya ce zai bar birni, kada mu ce masa rago, kada kuma mu ce bangaskiyarsa ta kasa. Abin da ya kamata mu taya shi dubawa shi ne yadda zai zaɓi wurin da zai je.

A karatunmu na yau mun ga mutum biyu da tilas ta sa su rabu. Abram da Lutu, ɗan ɗan'uwansa, sun yi dukiyar dabbobi har ƙasar ta yi musu kaɗan, makiyayansu suka fara faɗa. Abram, ko da yake shi ne babba, ya ba Lutu dama ya fara zaɓa. Lutu ya ɗaga ido ya hangi kwarin Urdun, ya ga ruwa ko'ina, ya ga ciyawa kore shar, nan take ya yanke shawara. Littafi bai gaya mana ya yi addu'a ba, bai kuma gaya mana ya tambayi halin mutanen da ke wurin ba. A sura 13 ya kafa alfarwarsa kusa da Saduma. A sura 14 yana cikin garin, har yaƙin sarakuna ya ci shi, sai da Abram ya bi sawu da mutum 318 ya ƙwato shi. A sura 19 ya fita daga garin da gudu, ya rasa matarsa a hanya, ya ƙare a cikin kogo shi da 'ya'yansa mata biyu. Ciyawar da Lutu ya gani gaskiya ce, ruwan ma gaskiya ne. Kuskurensa shi ne ya auna abu ɗaya kaɗai, wato abin da dabbobinsa za su ci, ya manta da abin da gidansa zai zama.

Don kada mu bi sawun Lutu, ga waɗansu tambayoyi da ya kamata kowane gida ya zauna ya yi wa kansa kafin a kira mota.

Ta fari, me ke korarmu? Idan ranka da na 'ya'yanka na cikin haɗari, ka tashi, ba sai ka jira mafarki ba. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri Yesu da dare suka gudu Masar, ba wanda ya ce ya yi zunubi. Amma akwai mai tashi saboda bashi ya yi masa yawa, yana so ya ɓace wa masu binsa. Akwai mai tashi saboda ya yi faɗa da dattawan ikkilisiya, akwai kuma mai tashi don kawai ya ga maƙwabcinsa ya tashi. Irin wannan, duk inda ya je damuwarsa tana cikin kayansa. Ku tuna da Elimelek a littafin Rut. Yunwa ta sa ya bar Baitalami zuwa Mowab da niyyar ɗan zama kaɗan. Zaman ya kai wajen shekara goma, shi da 'ya'yansa maza biyu duk a can aka binne su. Ba mu ce mutuwarsu hukunci ce ba, gama Littafi bai faɗi haka ba. Abin da muke koya shi ne tafiyar da aka ce ta ɗan lokaci ce takan cinye rayuwar mutum duka, don haka a yi ta da tunani.

Ta biyu, me za mu ci a can? Ubangiji Yesu da kansa ya koya mana a Luka sura 14 cewa mai son gina hasumiya yakan fara zama ya lissafta abin da zai kashe. Lissafi ba rashin bangaskiya ba ne. Idan ƙauye za ka koma, to, noma za ka yi. Ƙasarmu tana da albarka, tana ba da masara da dawa da acca da doya da gwaza da gyaɗa, ga citta a yankin Kachia da Jaba da Kagarko. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin yana tsaye gaban inji ko yana zaune a ofis, bayansa ya manta da fartanya. Taki yana da tsada, 'yan ƙodago ba sa aiki kyauta, gona kuma ba ta biyan mutum a ƙarshen wata. Citta ma da muke taƙama da ita, a daminar 2023 wata cuta ta faɗa mata, ta ruɓe a ƙasa, manoma da yawa suka rasa har irin da za su shuka. Wanda ya zuba dukan kuɗin sallamarsa a amfanin gona iri ɗaya, ya sa rayuwar iyalinsa a hannun damina guda.

Idan kuwa sana'ar hannu gare ka, kamar ɗinki, ko walda, ko gyaran babur, ko gyaran waya, ko kuwa uwargida tana sayar da abinci, to, kuna bukatar wurin da mutane ke taruwa. Kafanchan ta girma ne saboda mahaɗar layin dogo da aka yi a 1927, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya nufi Jos. Jiragen sun daina kai da kawowa kamar dā, amma hanyoyin mota suna nan: ta Kagoro da Manchok zuwa Jos, ta Kwoi zuwa Keffi da Abuja, ta Zonkwa da Kachia zuwa Kaduna, ta Gidan Waya da Gwantu zuwa Akwanga. Akwai Kwalejin Ilimi a Gidan Waya, akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna da makarantar koyon aikin jinya a Kafanchan, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta kafa jami'a a Kachia. Inda ɗalibai da ma'aikata suke, akwai mai neman ɗakin haya, da mai sayen abinci, da mai kawo ɗinki. Iyali da yawa sun ga cewa zama a gari irin su Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi, ana zuwa gona a ƙauye da damina, ya fi musu sauƙi a kan komawa ƙauyen gaba ɗaya. Ku duba asibiti kuma. Mai hawan jini ko ciwon suga, ko macen da ke shan wahala wajen haihuwa, bai kamata a kai su inda rafi ke tare hanya a watan Agusta ba.

Ta uku, yaya zaman lafiyar wurin? A nan dole mu faɗa wa juna gaskiya. Waɗansu suna tsammani da zarar sun bar birni sun bar tashin hankali ke nan. 'Yan'uwa, mu da ke nan mun san ba haka ba ne. A Kafanchan rikicin Maris 1987 ya fara. Zangon Kataf ta ga nata a 1992. Bayan zaɓen Afrilu 2011 an yi asarar rayuka a Zonkwa da Kafanchan, kasuwar Kafanchan ta ƙone, Kirista da Musulmi duka suka yi kuka. An kai wa Godogodo hari a Oktoba 2016, ƙauyuka da yawa kuma a Kaura da Jema'a da Zangon Kataf da Kajuru sun sha harin dare da satar mutane. Ba don mu tsorata kowa muke tuna waɗannan ba. Muna tuna su ne don mu koyi abin da Yusufu ya yi a Matiyu sura 2. Da aka ce masa ya komo daga Masar, ya ji labari cewa Arkilayus ɗan Hirudus ne ke mulkin Yahudiya. Ya saurari labarin, ya saurari gargaɗin Allah kuma, sai ya wuce Galili ya zauna a Nazarat. Kai ma ka saurara. Ka tambayi faston wurin, da mai unguwa, da matan da ke zuwa gona. Ana iya kwana a gida? Ana iya zuwa gonar da ke nesa? Yaya ake zama da maƙwabta, da Hausawa da Fulanin da aka daɗe tare da su? Gani ya kori ji, don haka ka je da kanka ka yi mako guda, ka je da rani, ka sake zuwa da damina.

Ta huɗu, ƙasar da muke sa rai a kanta, tamu ce kuwa? Mun san wani ɗan'uwa da ya yi fiye da shekara ashirin yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Da aiki ya ƙare, sai ya sayar da ɗan gidansa cikin gaggawa, ya loda kaya a mota a tsakiyar damina, ya nufi ƙauye da mata da yara biyar, yana cewa ai gonar babansa tana nan. Da ya isa, ya tarar 'ya'yan ƙanen mahaifinsa sun yi shekara da shekaru suna noma ta, har sun dasa mangwaro. Shi kuwa rabonsa da gida tun ranar da aka binne mahaifinsa. Lokacin shuka ya wuce, kuɗin gidan ya tafi a sayen hatsi da zirga-zirgar neman sulhu, yara biyu suka rasa shekara guda ta makaranta. Daga baya dattawa sun raba gonar, amma har yau gaisuwa tsakanin gidajen nan biyu da ƙyar ake yinta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, sun kuma ce ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kana da niyyar komawa gida wata rana, ka fara zuwa tun yanzu. Ka gai da tsofaffi, ka halarci biki da makoki, ka zauna da 'yan'uwa a nuna maka iyaka tun ana dariya.

Idan kuma saye za ka yi, kada kunya ta hana ka karɓar takarda. Annabi Irmiya ya sayi gona a Anatot daga hannun ɗan'uwansa na jini, duk da haka a sura 32 mun ga ya auna kuɗin, ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya sa aka ajiye takardun a tukunyar ƙasa don su daɗe. Idan annabi ya yi haka, mu ma mu yi. A sa hannu a gaban mai unguwa da hakimi, a tabbata dukan magada sun yarda, sa'an nan a bi hukumar filaye ta jiha, wato KADGIS, a nemi takardar mallaka. Ko daga hannun ɗan ikkilisiyarku kuka saya, ku rubuta, gama ku biyun za ku shuɗe, 'ya'yanku ne za su gāji iyakar.

Ta biyar, me yaranmu za su zama a can? Wannan ita ce tambayar da Lutu bai yi ba. Akwai makarantar da malamai ke zuwa aji? Akwai ikkilisiyar da ake koyar da Maganar Allah, da makarantar Lahadi, da zumuntar matasa? Kada mu ruɗi kanmu cewa ƙauye ba shi da jaraba. Burkutu da ƙwaya da zaman banza suna nan a ƙauyukanmu, yaron da ya taso a birni kuma yakan ji kaɗaici idan aka kai shi inda ba shi da aboki. Amma akwai wata riba da ba a saye da kuɗi. Yaranmu da yawa da aka haifa a Kaduna da Kano ba sa jin yaren iyayensu, sai Hausa da Turanci. Muna godiya ga Allah saboda Hausa, gama da ita muke karanta Littafi Mai Tsarki tun 1932, da ita kuma muke magana da ku yanzu. Duk da haka abin tausayi ne kaka ta yi wa jikanta addu'a da Jju, ko Tyap, ko Hyam, ko Gworok, yaron yana kallonta kamar baƙuwa. An riga an fassara Sabon Alkawari cikin Jju da Tyap. Wa zai karanta shi idan yaranmu ba su ji ba? Gidan da ya zaɓi zama kusa da tsofaffinsa, ya ba yaransa wannan gado.

Ta shida, mun yi shawara da juna, mun kuma tambayi Allah da gaske? Maigida, kada ka yanke wannan magana kai kaɗai, ka zo da dare ka ce wa Mama ta fara ɗaure kaya. Ita ce za ta ɗebo ruwan, ita za ta nemi itace idan ba gas, ita za ta zauna da surukai. Tana iya ganin abin da kai ba ka gani ba. Yaran da suka yi wayo ma a ji ta bakinsu. Mun san wani gida da suka yi haka. Uwargidan ta fara zuwa da ƙananan yara, suka kama ɗaki biyu na haya a gari, ta fara sayar da hatsi a kasuwa, maigidan yana can birni yana aiki, yana zuwa ƙarshen wata. Sai da suka ga damina biyu, suka san ciniki, suka san maƙwabta, sa'an nan ya ajiye aikin ya biyo su. Ba su yi arziki ba, amma ba su ci bashi ba, ba yaron da ya bar makaranta. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Game da tambayar Allah kuwa, akwai gargaɗi a Irmiya sura 42 da 43. Bayan faɗuwar Urushalima, Yohenan da sauran jama'ar da suka ragu suka roƙi annabi ya tambayar musu Ubangiji inda za su nufa, suka yi alkawari za su bi duk abin da aka ce. Bayan kwana goma amsa ta zo cewa su zauna a ƙasar. Sai suka ce annabin ƙarya yake yi, suka kama hanyar Masar, gama tun kafin su tambaya sun riga sun sa ƙafa a hanyar. Mu ma mukan yi haka. Mu biya kuɗin mota, mu sayar da gado da firiji, sa'an nan mu zo mu ce, "Fasto, a taya mu da addu'a Allah ya nuna mana nufinsa." Idan muna son jagorarsa, mu zo tun hannunmu yana buɗe, a shirye mu ji "tafi", a shirye kuma mu ji "dakata". Yakubu sura 4 ta tuna mana cewa ba mu san abin da gobe za ta kawo ba, saboda haka duk shirin tafiya da ciniki mu sa shi a ƙarƙashin yardar Ubangiji.

Muna da magana kuma ga ku da kuke gida. Sa'ad da Na'omi ta komo Baitalami hannu wofi, garin ya ɗauka da maganarta, amma an sami Bo'aza da ya bar surukarta Rut ta yi kala a gonarsa, har ya ce wa ma'aikatansa su riƙa zubar mata da zangarniya da gangan. Waɗanda ke komowa daga birni yau, da yawansu da kunya suke komowa. Kada mu tarye su da habaici, muna cewa ina kuɗin birnin. Dattawan ikkilisiya su taimaka wajen sulhun gona tun kafin magana ta kai kotu. Zumuntar Mata ta ziyarci baƙuwar da ta zo, ta nuna mata kasuwa da rijiya da asibiti. Mai gona biyu ya ara wa ɗan'uwansa ɗaya na shekara guda.

Ku kuma da kuka auna duka, kuka ga cewa zama a birni shi ne daidai a gare ku yanzu, kada ku ji kamar kun yi laifi. A Irmiya sura 29 Allah ya gaya wa mutanensa da ke bauta a Babila su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi lafiyar birnin, su yi masa addu'a, gama lafiyarsu tana haɗe da tasa. Wannan umarni ya shafi wanda ke Sabon Tasha, ya shafi wanda ke Sabon Gari a Kano, ya kuma shafi wanda ya sauke kaya jiya a Kagoro. Duk inda muka zauna, mu zama maƙwabtan kirki ga kowa, mai bin addininmu da wanda ba ya bi. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 13 ta tuna mana cewa ba mu da birni mai dawwama a wannan duniya. Abram ya bar wa Lutu kwarin mai ruwa, ya zauna a tuddai cikin alfarwa, amma duk inda ya sauka yakan gina bagade ya kira sunan Ubangiji. Mu ma, ranar da muka sauke kaya a sabon wuri, kafin a ɗaura labule, a tara iyali a durƙusa.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, kai ne ka san ƙarshen kowace hanya tun ba a kama ta ba. Muna kawo maka kowane gida da ke cikin wannan shawara a daren nan. Ka ba magidanta hikima, ka ba iyaye mata ƙarfin zuciya, ka kiyaye yara. Ka ba da salama a Kafanchan da dukan kudancin Kaduna, da Kaduna da Kano da Najeriya duka. Ka sulhunta 'yan'uwan da gona ta raba. Wanda ya kamata ya tashi, ka buɗe masa ƙofa, wanda ya kamata ya zauna, ka ba shi haƙuri da abin biyan bukata. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.